Zaɓen sarewa ta biyu

Duk yaron da ya taɓa bin makiyaya daji ya san sarewa. Kara ne, ko gora, ko guntun bututu, da ƴan ƙofofi huɗu. Idan ta tsage, mai ita sai ya yanko wani karan ya huda, kafin shanu su dawo daga mashaya ya yi sabuwa. A Nijar akwai waɗanda suka fita da wannan sarewa har ƙasashen waje, kamar Yakuba Mumuni, mabushi kuma mawaƙin ƙungiyar Mamar Kassey, wadda aka kafa a 1995.

Turawa ma suna da tasu. Da Faransanci sunanta flûte traversière, domin a gicciye ake riƙe ta, a miƙa ta wajen hannun dama. Ta ƙarfe ce, fara fat, tsawonta kamar santimetir 67. Gaɓa uku gare ta: kai, da jiki, da ƙafa. In an gama busa sai a raba su, a jera cikin ɗan akwati. Ƙofofinta 16 ban da ta busawa, kuma kowace ƙofa da ɗan marufinta. Waɗannan marufan da abin danna su, su ake kira maɓallai.

Wannan sarewa ba a yin ta a gida, saye ake yi. A Faransa da Ingila da Amurka da Japan yara da yawa suna koyonta a makarantun kiɗa. Yaro yakan fara da mai sauƙin kuɗi, wadda aka ƙera domin masu koyo. Bayan shekara uku ko huɗu ko biyar, in ya yi ƙwazo, sai malaminsa ya kira iyaye ya ce lokacin sarewa ta biyu ya yi. Ba ta gwanaye ba ce tukuna. Tsakanin ta koyo da ta gwanaye take. Nan fa hankalin iyaye yake tashi. Ta farko, in ta kirki ce, takan kai yuro 500. Ta biyu sau da yawa takan wuce yuro 1000, wato fiye da jika 655 na kuɗin sefa. Gidan da ya fitar da wannan kuɗi bana ba zai sake fitar da shi baɗi ba. In aka yi zaɓen tumun dare, yaro zai yi shekaru yana kokawa da abin da bai dace da hannunsa ba, wani ma ya aje busar ɗungum.

Me ke kuka cikin sarewa?

Ku ɗauki kwalbar da ba kome ciki, ku ɗora bakinta a ƙarƙashin leɓenku, ku busa iska ta gitta bakin. Za ku ji ta yi kuka. Ku zuba ruwa har rabi, ku sake busawa: kukan ya sirance, ya hau sama. Iskar da ke ciki ce ta ragu.

Haka sarewa take. Iskar da ke fita daga leɓe tana bugun kaifin bakin busa, sai ta riƙa shiga tana fita da sauri ƙwarai, ta sa iskar da ke cikin bututu rawa. Wannan rawar ce kunne yake ji. In an rufe ƙofofi duka, iskar ciki doguwa ce, murya ta yi ƙasa: ita ce do ta ƙasa, mai rawa sau 262 a sakan ɗaya. In an buɗe ƙofofi ɗaya bayan ɗaya, iskar ta gajarce, murya ta riƙa hawa: re, mi, fa, sol, la, si. In an ƙara wa numfashi sauri sai a hau wani hawa. Hawa uku sarewar take da shi. Abin lura a nan, iska ce ke rawa, ƙarfen riƙe ta kawai yake yi. Ku riƙe wannan, za a komo kansa.

A ƙarƙashin kowane marufi akwai ɗan gammo na ulu da aka matse, an lulluɓe shi da wata fata siririya kamar ɓawon albasa. Shi ke toshe ƙofa. Gammo ɗaya tak in ya yage ko ya karkace, iska ta samu hanya, muryoyin ƙasa su ƙi fita.

Maƙerin Munik

Sarewar Turawa ta zamanin da ta itace ce. Ƙofofinta ƙanana ne, an huda su inda yatsu za su iya kaiwa, ba inda murya take so ba. Shi ya sa wasu muryoyin suke fita a dushe, wasu a karkace. Har yau ma Faransawa cikin kayan busa na itace suke lissafa ta, les bois, ko da ta ƙarfe ce.

Wanda ya gyara wannan shi ne Theobald Boehm, mutumin Munik a ƙasar Jamus. An haife shi a 1794, ya rasu a 1881. Ubansa maƙerin fari ne, mai aikin zinariya da azurfa. Shi ma ya koyi sana'ar, kuma ya zama gwanin busa. A 1831 ya je Landan, ya ji wani mabushi mai suna Charles Nicholson. Ƙarfin muryar sarewarsa ya ba shi mamaki. Da ya duba sai ya ga ƙofofinta manya ne. Ya koma gida ya duƙufa kan awo da lissafi. A 1832 ya fito da sabuwar sarewa, a 1847 ya fito da wadda ta fi ta: miƙaƙƙen bututun ƙarfe, faɗin cikinsa milimetir 19, da manyan ƙofofi, kowace a inda lissafi ya nuna. To, amma yatsa ba ya iya rufe irin wannan ƙofa. Kuma yatsu tara kaɗai ke aiki, tun da babban yatsan dama tallafe sarewar yake yi. Saboda haka ya yi wa ƙofofin marufai, ya haɗa su da ƴan sanduna, yadda yatsa zai danna nan, marufi ya rufe can.

Maƙeran Pari, Clair Godfroy da surukinsa Louis Lot, suka sayi izinin ƙera ta. A 1860 babbar makarantar kiɗa ta Pari ta karɓe ta, daga nan ta bazu. Yau da ta koyo, da ta biyu, da ta gwanaye, duk tsarin Boehm ne. Yatsun da yaro ya koya a kan ta farko, da su zai yi aiki har tsufansa. Bambancin yana wajen ƙarfe, da yankan bakin busa, da kyan aikin maɓallai.

Yaushe lokaci yake yi?

Ba da ƙirgar shekaru ake sani ba. Wani yaro shekara biyu ta ishe shi ya fi ƙarfin sarewarsa, wani ya shekara shida bai ƙure ta ba.

Ɗaliba takan zo ta ce: “Malam, sarewata ta ƙi.” Malamin kirki ba ya cewa a je kanti. Cewa yake yi: “Miƙo ta nan mu ji.” Sai ya busa da kansa. In shi ma muryoyin ƙasa sun ƙi shi, to gammo ne ke yoyo, mai gyara ake nema, ba sabuwar sarewa ba. Sau da yawa nan maganar take ƙarewa. Sarewar da ta shekara biyu ba a kai ta gyara ba, in aka gyara ta, mai ita yakan yi rantsuwa an musanya masa da wata. In kuwa ta yi daɗi a bakin malam ta ƙi a bakin ɗaliba, to laifin ba na ƙarfe ba ne, a ƙara ƙoƙari.

Amma akwai ranar da sarewa take lafiya lau, ɗaliba kuma ta iya, duk da haka abin ya tsaya. Tana so ta busa da ƙarfi, murya ta fashe. Tana so ta yi ƙasa-ƙasa da muryar sama, sai ta faɗo. Yatsunta sun yi sauri, maɓallai suna jan ƙafa. Daɗi da rashin daɗi, fushi da lallashi, duk da murya iri ɗaya suke fita. Malam ya ara mata tasa, nan take abin da ya gagara ya yiwu. Wannan ce alamar da ba ta ƙarya.

Maganar azurfa

Abu na farko da mai kanti zai ambata shi ne azurfa. Sarewar koyo da wani haɗin ƙarfe ake yin ta, wanda Faransawa ke kira maillechort: jan ƙarfe ne da nikel da tutiya. Ba azurfa ko ɗigo a cikinsa, ruwanta kawai ake shafa masa a baya don ya yi haske. Ta biyu kuwa, galibi kanta na azurfa ne tsantsa, wani lokaci har da jiki da ƙafa. In aka duba za a ga an buga lamba 925. Ma'anarta, cikin kashi 1000, kashi 925 azurfa ne, sauran yawanci jan ƙarfe, domin azurfa zalla ta cika laushi. Kamfanin Yamaha na Japan ma da wannan yake jera sarewunsa: masu lamba 200 da wani abu na koyo ne, masu 300 kansu na azurfa, masu 400 kai da jiki da ƙafa duk azurfa. Kuɗi yana hawa yadda lambar take hawa.

To, azurfa tana gyara murya? Masu busa da yawa za su ce i, har su yi fushi da wanda ya musa. Masana sun gwada. A 1971 wani masani a Amurka, John Coltman, ya yi sarewa uku masu awo ɗaya: ta azurfa, da ta jan ƙarfe, da ta itace. Aka busa su a ɓoye. Masu sauraro suka kasa bambanta su, su kansu masu busawar suka kasa. A 2001 aka yi wani gwaji a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, da sarewa bakwai na kamfanin Muramatsu, ƙira ɗaya, ƙarfe dabam-dabam, daga mai ruwan azurfa har zuwa ta zinariya da ta falatin. Gwanaye suka busa, gwanaye suka saurara ba tare da sun gani ba. Abin da ya fito shi ne, bambancin da ke tsakanin mabushi da mabushi ya fi wanda ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe nesa ba kusa ba. Ga inda maganar kwalba ta dawo: iska ce ke rawa.

Ku dubi manyan mabusa biyu na Faransa. Jean-Pierre Rampal, wanda ya rasu a 2000, ya yi suna da sarewar zinariya. Ta farkonsa Louis Lot ne ya ƙera ta a 1869. Marcel Moyse, wanda ya rasu a 1984, wanda har yau ɗalibai suke koyo da littattafansa, da ta maillechort ya yi busa, ƙarfen da ake yi wa yara ta koyo. Ba wanda ya ce muryarsa ta gaza.

Wannan ba ya nufin kan azurfa yaudara ne. Maƙeri ba ya ɓata kwanaki yana sassaƙa kan da za a sayar da araha. Wanda aka yi da azurfa shi ake ba lokaci, shi ake gyara wa baki da hannu. Kuma ruwan azurfa yakan goge da gumi, azurfa tsantsa kuwa ba ta gogewa, in ta lotsa tana da sauƙin miƙewa. Akwai ma waɗanda nikel ke sa wa ƙaiƙayi a haɓa. Don haka kan azurfa ya cancanci kuɗinsa. Jikin azurfa ne abin dubawa: yana ƙara tsada sosai, abin da yake ƙarawa a kunne kuwa kaɗan ne, in ma akwai.

Kai shi ne gaba

Bakin busa ɗan rami ne, tsawonsa kamar milimetir 12, faɗinsa kamar 10. Amma nan ne murya take haihuwa. Zurfin ramin, da kaifin gefen da iska ke bugawa, da yadda aka sheme shi ta ciki, kowanne in aka taɓa shi da kaurin gashi, murya ta sake. Wani kan yana amsawa da wuri, da ɗan numfashi ya yi ƙara. Wani sai an matsa masa, amma in an saba da shi yana ba da murya kala-kala. Wani maƙeri na Landan, Albert Cooper, wanda ya rasu a 2011, ya yi suna a kan wannan yanka, kuma ya sake lissafin wuraren ƙofofi don muryoyi su daidaita. Maƙera da yawa sun bi sawunsa.

Manyan kamfanoni sun gane haka. Powell da Haynes na yankin Bostan a Amurka, da Altus, sarewun gwanaye suke ƙerawa masu tsadar gaske. Sai suka fito da wasu domin ɗalibai: Sonaré, da Amadeus, da Azumi. Dabarar ɗaya ce: kai mai kyau bisa jiki mai sauƙin kuɗi.

Gidan da ba shi da hali ma yana iya bin wannan dabara. In jikin tsohuwar sarewa yana da ƙwari, sai a sayi kai kaɗai. Sai dai a kai wa mai gyara ya daidaita wuyansa, domin kaurin bututu ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Kan da ya yi sako-sako yoyo zai yi, wanda ya matse kuma kada a tura shi da ƙarfi.

Huda, da layi, da ƙafa

Sarewar koyo marufanta a rufe suke. Ko yaya yatsa ya sauka, ƙofa ta toshe. Ta biyu kuwa, sau da yawa marufai biyar suna da huda a tsakiya, kamar zobe: biyu na hannun hagu, uku na hannun dama. Maƙeran Pari ne suka kawo wannan tun zamanin Lot. Dole tsokar yatsa ta sauka daidai kan hudar, in ba haka ba iska ta fita. Amfaninsa na farko ke nan: yana tilasta wa yatsu zama inda ya kamata. Na biyu, mabushi yana iya rufe rabin huda, ko ya zame yatsa a hankali, ya fitar da muryar da ke tsakanin muryoyi biyu. Wanda yake son ya kwaikwayi lanƙwasar sarewar makiyaya zai ji daɗin wannan ƙwarai. Ga mai ƙananan yatsu akwai ƴan matosai na roba da ake cusawa a hudojin. Ana cire su ɗaya-ɗaya, mako bayan mako. Na yatsun zobe su ake bari ƙarshe, su suka fi wuya. Amma kada wani ya ce mai huda ita ce ta manya, marar huda ta yara. Ta Moyse ba huda.

Sai maganar layi. Ku miƙa hannunku na hagu ku duba: yatsan zobe bai kai na tsakiya tsawo ba. Shi ke danna maɓallin sol. A wasu sarewun duk maɓallai a jere suke, layi ɗaya. A wasu an ɗan fito da na sol gefe, ya taro yatsan. Na Boehm a gefe yake, Faransawa ne suka mayar da shi cikin layi. An daɗe a Amurka ana ɗaukar mai layi ɗaya ita ce ta gwanaye, ɗalibai suna sayenta don a gani. A murya ba bambanci ko kaɗan. A hannu akwai. Yaron da zai riƙa miƙa yatsa awa ɗaya ko biyu kullum, shekara da shekaru, yana iya samun ciwon wuyan hannu. Yau gwanaye da yawa ta gefe suke zaɓa. Mai dogayen yatsu yana iya ɗaukar wadda ya ga dama. Mai gajeru ya ɗauki ta gefe, kada ya ji kunya.

Ƙafa iri biyu ce. Ƙafar do tana tsayawa a do ta ƙasa. Ƙafar si ta fi ta tsawo da kamar santimetir 4, da maɓalli ɗaya ƙari, tana sauka har si. Murya ɗaya tak ake ƙarawa. A Amurka ɗalibai sun fi sayen ta si, a Turai ta do tana da yawa. Kiɗan da ɗalibi zai yi shekaru yana koyo, da wuya ya tarar da wannan si a ciki. Nauyin kuwa kullum yana can ƙarshen sarewa, yana jan hannun dama ƙasa. Ga yarinya mai shekara 12 wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai wata murya mai gardama, mi ta hawa na uku. Takan fashe ko ta faɗo, musamman in ana so a busa ta a hankali. Dalili shi ne marufan sol biyu ne, suna buɗewa tare, alhali ita ɗaya take so a buɗe. Sai maƙera suka ƙara wani ɗan hannu mai rufe na ƙasan. Faransawa suna ce masa mi mécanique. Yana taimako. Wanda tasa ba ta da shi, mai gyara yana iya sa masa ɗan zobe cikin ƙofar, ya rage faɗinta, da kuɗi kaɗan.

Ranar gwaji

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Wajen zaɓen sarewa, ji ne ya kamata ya kori gani. Ɗalibi ya tafi da malaminsa, da tsohuwar sarewarsa, da kiɗa biyu da ya haddace, ɗaya mai sauri, ɗaya mai natsuwa. Ya fara da tsohuwar don kunnensa ya san inda ya tashi. Kada a jera masa goma. Uku ko huɗu sun isa a yini ɗaya, bayan nan leɓe ya gaji, kunne ya rikice.

Sai a rufe masa ido da ƙyalle, ko ya runtse, a riƙa miƙa masa ɗaya-ɗaya ba a faɗi suna ko kuɗi ba. A kowace ya busa abu ɗaya. Muryoyin ƙasa, da ƙarfi. Muryoyin sama, a hankali kamar raɗa. Nan ne sarewa take tona asirinta, domin kowace tana iya ihu. Ya hau ya sauka da sauri, ya ji ko maɓallai suna bin yatsa ko suna ƙara kamar keken ɗinki. Ya danna su da sauƙi: sarewar da sai an matse ta take rufewa, ba ta da lafiya. Malam kuma ya koma can ƙarshen ɗaki, domin abin da mabushi yake ji kusa da kunnensa dabam yake da abin da ke isa wurin jama'a.

A duba daidaiton murya da na'urar awo, wadda yanzu ake samu ko a cikin wayar hannu. La ta ma'auni tana rawa sau 440 a sakan. Sarewun yanzu da yawa a kan 442 ake ƙera su, ana ɗan jawo kai waje a daidaita. In wata murya ta yi sama sosai wata ta yi ƙasa sosai, ɗalibi zai yi ta murɗa leɓe yana gyara abin da maƙeri ya ɓata.

Wani abu yakan ruɗi yara. Wadda ta fi kama da tsohuwar ita ce za ta fi daɗi a minti na farko. Amma in irin tsohuwar ake so, me ya kawo sayen sabuwa? Shi ya sa kantuna da yawa a Turai da Amurka suke yarda a tafi da sarewa gida ta yi kwanaki. Wadda ta yi gardama ran Litinin, wani lokaci ran Juma'a ita ce ba a son rabuwa da ita. Kuma sarewa biyu masu suna ɗaya da lamba ɗaya ba sa zama ɗaya. Wadda aka gwada ita za a ɗauka, ba ƴar'uwarta da ke cikin kwali ba.

Ta hannu, da ta araha

Sarewar da wani ya yi aiki da ita tana iya zama sa'a. Ƙarfe ba ya tsufa da wuri, gammaye ne ke tsufa. Amma sake gammaye duka aiki ne na kwanaki, kuɗinsa wani lokaci ya kai na sarewar. Don haka mai gyara ya gan ta kafin a biya. Ya duba lotsawa, ya girgiza maɓallai ya ji ko suna wasa, ya ga ko gaɓoɓi suna shiga daidai.

A intanet akwai wasu masu launi, ja da shuɗi da ruwan hoda, sababbi fil, kuɗinsu bai kai na takalmi mai kyau ba. Kyan ɗan maciji ne. Ƙarfensu laushi gare shi, maɓallai su lanƙwashe cikin ƴan watanni, masu gyara da yawa ba sa ma karɓarsu. Akwai kuma na jabu, masu ɗauke da sunan manyan kamfanoni. Sayen sarewa daga hoto cinikin biri a sama ne.

In za ta zo ƙasarmu

Ɗalibin da ke Yamai ko Maraɗi ko Damagaram ko Tawa yana da abin dubawa wanda na Pari ba shi da shi. Masu gyaran irin wannan sarewa ba su da yawa a nan. Saboda haka mai ƙwari, ta sanannen kamfani, wadda ake samun gammayenta, ta fi mai tarin maɓallai da ba wanda zai iya daidaita su.

Sannan ga yanayi. Da hunturu iska takan bushe ƙayau, fatar gammo ta ƙanƙance, ƙura ta shiga tsakanin ƴan sanduna ta riƙa cin su. Cikin kai, can sama da bakin busa, akwai matoshi na ɓawon itace. Shi ma yakan bushe ya motsa, muryoyi duka su karkace. Sandar shara da ke zuwa cikin akwati tana da zane kusa da gindinta, kamar milimetir 17 daga ƙarshe. In aka zura ta cikin kai har ta taɓa matoshi, zanen ya kamata ya bayyana a tsakiyar bakin busa. In bai bayyana nan ba, a nuna wa malam. Da bazara kuma zafi yana sa murya ta hau, sai an ƙara jawo kai waje. Kada a bar akwati a rana ko cikin rufaffiyar mota.

Bayan kowace busa a zura ƙyalle mai laushi a share raɓar numfashi, a goge gumin yatsu, a mayar da ita akwati a rufe. Ba a wanke ta da ruwa. Ba a goge ta da toka ko da maganin goge kwano, ko da ta yi duhu. Duhun azurfa ba ya taɓa murya. Wanda ya sha shayi mai sukari ya kurkure baki tukuna, in ba haka ba gammaye su riƙa mannewa. Wajen haɗa gaɓoɓi a kama inda ba maɓalli, a murɗa a hankali.

Tsohuwar kuma kada a yi saurin sayar da ita. Ranar da sabuwa za ta tafi gyara wani gari, tana iya yin wata guda ba ta dawo ba, leɓen da ya yi wata bai busa ba kuwa sai an sake lallashinsa. A share tsohuwar, a aje ta cikin akwatinta, a riƙa fito da ita lokaci-lokaci ana busawa don maɓallanta kada su ƙage. In akwai ƙane ko ƙanwa da ke leƙen akwatin, da ita za su fara.